Kafin Ku Auna Mai Binciken Gine-gine da Yawan Ambato

Matasan da ke shiga aikin koyarwa da bincike a fannin injiniyancin gine-gine sukan tarar cewa tambayar farko da ake yi game da malami ita ce yawan maƙalunsa da kuma sau nawa wasu suka ambace su. Ina so in ja hankalinku, ƙannena, kan wannan ma'auni, domin na ɓata shekarun farko na aikina ina bauta masa ba tare da na fahimci abin da yake aunawa ba.

Ma'aunin da ya fi shahara shi ne wanda ake kira h-index, wanda Jorge Hirsch, masanin kimiyyar fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, ya gabatar a shekarar 2005. Idan aka ce ma'aunin mutum ya kai 10, ana nufin yana da maƙalu 10 waɗanda aka ambaci kowace daga cikinsu aƙalla sau 10. Kurena na farko shi ne na ɗauki lambata na gwada ta da ta wani abokina da ke binciken magunguna, na ga ya yi mini nisa, sai na yanke wa kaina hukuncin gazawa. Ban lura ba cewa masu bincike a fanninsa sun fi namu yawa nesa ba kusa ba, kuma mutane da dama ne ke sa hannu a maƙala guda. Mu kuwa, samfurin kankare sai ya kwana 28 kafin a gwada ƙarfinsa yadda ƙa'ida ta tanada, wanda kuma yake son sanin yadda gini zai jure damina da zafin bazara dole ya jira shekaru. Ko a kan mutum ɗaya lambar takan bambanta tsakanin ma'ajiyoyin bayanan da ke ƙirga ambato, domin Google Scholar yana ƙirga kundayen digiri da takardun taro, alhali Scopus mujallun da ya tantance da wasu zaɓaɓɓun tarurruka da littattafai kawai yake dubawa.

Gaggawar ƙara wannan lamba ce ta kai ni ga abin da na fi nadama a kansa. Na yi bincike kan yadda tokar ɓuntun shinkafa za ta maye gurbin wani kaso na siminti, aikin da ya isa ya zama maƙala ɗaya mai nauyi, amma sai na yayyanka shi gunduwa-gunduwa don adadin ya ƙaru, na kuma aika wani ɓangare ga wata mujalla da ta karɓa cikin 'yan kwanaki bayan na biya kuɗi. Babu wanda ya tambaye ni yadda na ƙona ɓuntun, alhali zafin wutar ne ke tabbatar da ko tokar za ta yi aiki cikin kankare ko kuwa ƙura ce kawai. Daga baya na ga sunan kamfanin mujallar a jerin mawallafan da ake zargi da cin kuɗin marubuta ba tare da tantancewa ba, jerin da Jeffrey Beall, wani ma'aikacin ɗakin karatu a Amurka, ya riƙa tattarawa har zuwa farkon 2017. Mujallar kirki ba ta karɓar aikin da aka riga aka buga, saboda haka wancan sakamako ya tafi ke nan.

Abin da ya fi muhimmanci a fanninmu shi ne cewa mafi yawan masu amfana da bincikenmu ba sa rubuta maƙala. A shekarar 1918 Duff Abrams, yana aiki a birnin Shikago na Amurka, ya nuna cewa ƙarfin kankare ya dogara ne kan yawan ruwan da aka zuba idan aka gwada shi da yawan siminti. A yau duk injiniyan da ya hana lebura ƙara ruwa a kwaɓi yana aiki da wannan sani ne, kuma ba ya ambaton kowa. Haka nan malamin da aikinsa ya shiga cikin Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa da Najeriya ta fitar a 2006, ko ya taimaka wajen gano dalilin rushewar bene irin mai hawa 21 da ya faɗi a Ikoyi da ke Legas ranar 1 ga Nuwamba, 2021, ya yi tasirin da Scopus ba zai nuna ba. Masana da kansu sun yi wannan gargaɗi: sanarwar San Francisco da aka tsara a 2012 ta nemi a daina auna mutum da martabar mujallar da ya yi rubutu a cikinta, sannan ƙa'idoji goma na Leiden da suka fito a 2015 suka jaddada cewa lamba tana tallafa wa hukuncin masana ne, ba ta maye gurbinsa.

Ba ina cewa ku yi watsi da lambobin ba ne, tunda kwamitin ƙarin girma zai duba su ko kun so ko kun ƙi. Ku dai tsare su da gaskiya, ku kuma gyara sunayenku tun da wuri. Ni na rubuta sunana da haruffa iri-iri, wani lokaci da sunan mahaifi, wani lokaci da sunan garinmu, har ma'ajiyar bayanai ta raba ayyukana kamar na mutane daban-daban. Lambar ORCID, wato lambar shaida ta musamman da mai bincike ke haɗa duk ayyukansa a ƙarƙashinta, kyauta ce kuma tana magance wannan. Sannan ku buɗe fayil na musamman da za ku riƙa ajiye rahotannin gwajin ƙasa da na rodi da kuka rubuta, da wasiƙun 'yan kwangilar da suka yi aiki da shawararku, da sunayen ɗaliban da kuka horar, domin ranar da aka nemi shaidar waɗannan a hannuna ban iya kawo ko rabinsu ba.