Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da Gunga Ya Tsayar da Ni

A makon jiya na tsaya ne a inda abokin zamana ya matsa mini lamba sai na raka shi wurin wasansu na kapuwera, wani wasan faɗa mai haɗe da rawa da kiɗa. To, na raka shi. Watana huɗu ke nan a Salvador ta jihar Bahia a ƙasar Brazil, Fotugis ɗina bai wuce na cefane ba.

Wani tsohon bene ne kusa da unguwar Pelourinho. Mutane na zaune a ƙasa sun yi da'ira, wadda suke kira roda, kowa da baƙin wando da riga ruwan ɗorawa. Abokina ya raɗa mini cewa launin Mestre Pastinha ne, babban malamin wasan da ya buɗe makarantar kapuwera Angola a 1941, wato salon gargajiya, ba irin na Mestre Bimba mai zafi ba.

Makaɗan ne suka fara ɗauke mini hankali. Babban abin kiɗansu, berimbau, baka ne sak irin na maharba, sai dai tsarkiyarsa waya ce da ake zarowa daga tsohuwar tayar mota, an ɗaura duma a gindinsa. Makaɗi na bugun wayar da siririyar sanda, yana danna mata ɗan dutse, yana kuma manna bakin duman a cikinsa yana janyewa, muryar na canzawa kamar mai magana. Uku ne a jere. Mai babban duma shi ne gunga, muryarsa da kauri, kuma yana hannun dattijon wurin. Na tsakiya yana amsa masa. Ƙaramin, viola, shi ne mai rawar kai. Akwai kuma wasu tagwayen ƙararrawa da na tambayi sunansu aka ce agogo. Na yi dariya ni kaɗai, ashe kalmar Yarbanci ce ta ƙetaro teku, kamar yadda ta shigo mana Hausa.

Dattijon ya ɗaga murya ya ce "Iê!", wuri ya yi tsit. Ya rera doguwar waƙa shi kaɗai, ladainha, 'yan wasa biyu na tsugune a gabansa ba mai motsi. Sai da aka shiga waƙar amshi suka fara, can ƙasa-ƙasa, hannu a ƙasa, tafiyar hawainiya. Ni da na tashi ina kallon dambe a Kano, inda kalangu ke zuga ɗan dambe har jikinsa ya ɗauki tsuma, na ce a raina wannan ai ragwanci ne.

Wata biyu na yi ina zuwa koyo kafin a bar ni in shiga roda. Aka haɗa ni da wata mata da ta kusa haifata. Kiɗa na tafiya a hankali, ni kuwa na ɗauki wuta, ina kai ƙafa ta ko'ina don a san Bakano ya zo. Ban san yadda aka yi ba, sai ji na yi ta share mini ƙafar da na tsaya a kai, na zauna daɓas. Nan take mawaƙin ya sauya waƙa, kowa ya kwashe da dariya yana amshi. Daga baya na gane da ni ake, don waƙoƙinsu sharhi ne a kan abin da ke faruwa a fili.

Na miƙe a fusace zan koma. Dattijon ya sunkuyar da kan gunga, ya yi ta bugun sauti ɗaya ba ƙaƙƙautawa. Kira ne. Muka koma gabansa muka tsuguna. Bai yi faɗa ba, kunnensa kawai ya nuna mini da sandar, ya sake ɗauko kiɗan a hankali fiye da na farko. Gwiwoyina sun gaya mini a daren nan.

Da aka tashi ya tambaye ni daga ina nake. Na ce Najeriya, Bahaushe ne. Ya tsaya da kwance wayar da yake yi, ya dube ni sosai, ya ce ko na san abin da Musulmi bayi, Yarbawa da Hausawa, suka yi a titunan nan cikin azumin 1835. Na ce ban sani ba. Ya ce in dawo ranar Talata da yamma, in sa takalmin tafiya.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.