Ƙurar Agadez a Cikin Kyamarata

Shekara 11 na yi ina ɗaukar hoton biki a Kano kafin wani ya biya ni don in ɗauki makaɗa su kaɗai. A gidan biki makaɗi ba ya cikin lissafin mai hoto. Amarya ake nema, sai uwar amarya, sai ƙawaye da ankonsu, kuma idan kan makaɗi ya leƙo cikin hoto yanke shi ake yi. Kwatsam sai wani abokina mai kai kaya Damagaram ya haɗa ni da wasu samarin Agadez masu kiɗan gita. An gayyace su wasa a Turai, masu gayyatar suna son hotunan da za a buga a fosta, mai hoton da suka saba kira kuma ya yi tafiya. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma ci da masauki a kansu suke. Na ce ina tafe. A hunturun da ya gabaci juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ne, lokacin iyaka a buɗe take.

Na bar Kano bayan sallar asuba. Kazaure, Daura, sai Kongolam. A bakin iyaka jakar kyamara ce ta fara jawo mini magana. Jami'in ya zuge ta, ya ga kyamara biyu da gilasai uku, ya ɗago kai.

"Malam, ɗan jarida ne kai?"

"A'a, ranka ya daɗe, mai hoton biki ne."

Allah ya taimake ni akwai ragowar hotunan wani kamu a katin da ke ciki. Na kunna masa. Ya yi ta latsawa yana kallon amare har ya manta da ni, daga bisani ya tambaye ni nawa nake karɓa a wuni. Tun daga ranar ba na tafiya sai da kati guda mai amare zalla.

Abu na biyu da ya ɗaure mini kai shi ne lissafin kuɗi. Na canza naira zuwa sefa, na zauna wurin mai shayi a Matamai, ya ce mini dala talatin. Na tsaya ina zare ido. Ashe dala ɗaya sefa 5 ce, dala talatin 150 ke nan, dubu kuma jika. Hausar dai ɗaya ce, amma sai da na yi kwana uku ina ƙirga da yatsu kamar ɗan aji ɗaya.

Na kwana a Damagaram, washegari na shiga babbar mota zuwa arewa. Tsakanin Damagaram da Agadez ya haura kilomita 400, kuma hanyar ba ta da tausayi: wani wuri kwalta, wani wuri sai dai a ce da can an taɓa yin kwalta. Har zuwa Tanut ana ganin karan gero a gonaki da rumbuna. Daga nan ƙasa ta fara tuɓewa. Itatuwa suka koma ƙaya, shanu suka ragu, raƙuma suka yawaita. A kowane shinge sai kowa ya sauko ya nuna takarda, mata masu tallar cuku su kewaye mu. Na saya na ci da dabino, har yau kuma ban gane yadda abu mai tauri haka yake da daɗi ba. Bayan Aderbissinat na daina leƙen taga, don babu abin da ke sauyawa.

Saurayin da ke gefena tun daga tasha yake jin kiɗan gita a wayarsa, ba tare da abin kunne ba. Da farko ya dame ni, daga baya na ga ai darasi nake samu kyauta. Shi ya fara ba ni labarin Mdou Moctar, shahararren mai gitar Nijar, wanda ya harhaɗa gitarsa ta farko da wayar birkin keke, bahago ne kuma. Abin da ya ba ni kunya shi ne jin cewa faifansa na farko a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, da irin gyaran muryar nan na kwamfuta da mawaƙan finafinanmu ke yi. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta katin memori, har wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds ya ji su ya bi sawunsa. Mutumin da ake cika masa zaure a Amurka a Sakkwato ya fara naɗar waƙa, ni kuwa ɗan Kano sai a cikin mota nake jin sunansa.

Mun shiga Agadez dab da magariba. Hasumiyar babban masallaci ita ce ke fara yi wa baƙo maraba: ginin ƙasa mai tsawon mita 27, tana tsukewa zuwa sama, itace ya fito mata ta kowane gefe kamar bushiya. A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. A gindin masallacin nan Bombino, fitaccen mai gitar Agadez, ya yi wasa a farkon 2010, da yardar Sarkin Abzin, bayan tawayen Abzinawa da ya tashi a 2007 ya lafa. Duk mai gita da na zauna da shi sai ya ambaci daren nan, har waɗanda a lissafina yara ne ƙanana a lokacin.

Su biyar ne a ƙungiyar: gita biyu, gitar bas ɗaya, mai ganguna, da wani ƙaninsu wanda aikinsa janareta da wayoyi. A can gurup suke ce wa janareta. Tsakaninsu Tamashek, yaren Abzinawa, suke yi, da ni kuma Hausa, wadda kusan kowa a garin yana ji. Babbansu, mai gitar gaba, ya girme ni, don haka Yaya nake ce masa, shi kuma bai taɓa kirana da komai ba sai Mai Hoto. Ba a yi maganar aiki ba sai da aka sha shayi zagaye uku, abin da ya ci kusan awa biyu. Ina zaune ina kallon gitarsa jingine da bango. Tsirkiya ta biyu daga ƙasa ta taɓa tsinkewa, an ƙulle ta can sama kusa da maɗauri, ƙulli ƙarami mai kyau kamar na masunci. Fentin wuyanta ya goge a wurare uku, daidai inda yatsunsa suka fi zama. Na ɗauki hoton ƙullin kafin in ɗauki fuskar kowa. Ya ce, "Mai Hoto, kada ka tona mana asiri." Tsirkiya mai kyau sai an yi saƙo daga Yamai ko an roƙi matafiyi, shi ya sa ba a yar da wadda ta tsinke.

Sai ya nuna mini saƙon masu gayyata a wayarsa, ƙanin ya fassara daga Faransanci. Suna son hamada, suna son rawani, in da hali raƙumi, kuma rana tana faɗuwa. Aka yi dariya. Mai gangunan ya rantse rabonsa da hawa raƙumi tun yana yaro, babur ne abin hawansa. Kuma duk wanda ya san Agadez ya san kewayenta tsakuwa ce da ƙaya da busassun korai. Manyan tuddan yashin da ake gani a hotuna suna can cikin hamadar Tenere, tafiya mai nisa da tsada, ba ta mutum biyar masu ƙulla tsirkiya ba.

Muka ari mota a-kori-kura muka fita bayan gari, muka sami wani ɗan tudun yashi a bakin kori wanda bai fi tsayin ɗaki ba. Na kwanta rub da ciki na ɗauko su daga ƙasa, tudun ya cika hoto, sai ka rantse tsakiyar Sahara ce. Suka naɗa rawuna har hanci, suka rungumi gitocin da ba a jona da komai ba, suka zuba wa nesa ido. Hotunan sun yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. A nan ne kuma na tafka wautar da ko yaron shago ba zai yi ba: na cire gilashi don in sa wani, iska tana kaɗawa. Daƙiƙa biyar cikin kyamarar ya yi a buɗe. Da dare na duba, sai ga ɗigo baƙi a sama ta hagu cikin kowane hoto.

Kwana biyu bayan haka aka kira su biki a wata unguwa a gefen gari. A nan ne abincinsu yake, domin masu gitar Agadez da biki da suna suke rayuwa, Turai ta shekara-shekara ce in ta samu. 'Yan ƙungiyar Etran de L'Aïr ma, da yanzu ake jin su a ƙasashen waje, tun 1995 suke wannan zagaye na gidajen biki. An ɗora kaya a babura uku, sifika ɗaya a cinyar ƙanin. Babu dandamali. An shimfiɗa tabarmi a tsakiyar layi, an bar fili a tsakiya, mata a gefe ɗaya cikin lufaya masu ƙyalli, maza a ɗaya gefen, yara a ko'ina har kan katanga. Ƙwai ɗaya ne rataye a jikin sanda, shi ne hasken wurin gaba ɗaya.

Turawa rok suke kiran wannan kiɗa, wasu su ce blues na hamada. A Agadez gita kawai ake cewa. Asalinsa daga samarin Abzinawa ne da fari da rashin aiki suka kora Aljeriya da Libiya a shekarun 1970 da 1980, waɗanda aka laƙaba wa ishumar, daga kalmar Faransanci ta marar aikin yi. Waƙoƙinsu na kewar gida ne, abin da suke kira asuf, a kaset aka riƙa yaɗa su hannu da hannu. 'Yan ƙungiyar Tinariwen na Mali su suka fara fitar da shi duniya, har suka ci lambar yabo ta Grammy a 2012. Amma wanda ya san na faifai kawai bai san na Agadez ba. Na biki gudu gare shi. Mai ganguna yana kora, gita ta biyu tana nanata abu ɗaya ba ta gajiya, ta gaba kuma tana hawa tana sauka a kai, sifikar da ta gaji tana ƙara wata 'yar tsatsa a cikin sautin wadda ni a kunnena ita ce gishirin abin.

Na ɗora filashi kamar yadda na saba a Kano, na harba. Da na duba, babu Yaya babu gita, sai fararen ɗige-ɗige kamar an watsa gari a iska. Masu rawa sun tayar da ƙura, filashi kuma duk abin da ya fi kusa da shi yake haskawa. Na sake, haka. Na cire shi na jefa a jaka, na buɗe idon gilashi iyakarsa, na ƙara wa kyamara ƙarfin gani a duhu har hoto ya fara yin tsaki-tsaki. Hannun Yaya kuma ba ya tsayawa. In na rage saurin ƙiftawa don haske ya shiga, sai yatsun su narke su zama hayaƙi.

'Yan kabu-kabu ne suka cece ni. Uku daga cikinsu suna zaune kan baburansu a bayan makaɗa suna kallo. Na je na ce, "Samari, don Allah ku kunna mini fitilunku." Na ba su jika ɗaya na mai. Da hasken ya bugo daga baya, ƙurar da ta hana ni aiki ita ta koma kayan aiki: ta yi ja kamar garwashi, makaɗan suka fito baƙaƙe a cikinta, gefen rawani da wuyan gita suna sheƙi. Na durƙusa a bakin tabarma, gwiwata cikin yashi, wata tsohuwa tana ture ni da ƙafa don na tare mata. Wani dattijo ya shigo fili yana rawa a hankali, hannuwa a buɗe, babbar rigarsa tana shan iska, ya manna wa Yaya takardar kuɗi a goshi. Ta zame ta sauka kan gitar, Yaya bai ko kalle ta ba.

Ana tsakiyar haka gurup ya yi tari biyu ya mutu. Gitoci suka yi shiru, ƙwan ya ɗauke. Na zaci an tashi. Ina! Mai ganguna bai tsaya ba, mata suka karɓe da tafi da guɗa, wayoyi suka kunnu ɗaya bayan ɗaya. Ƙanin yana can yana fama da igiya, tocila a baki. Minti kusan goma ana rawa da ganga da tafi kaɗai, kuma da wuta ta dawo Yaya ya faɗo cikin waƙar daidai inda tafin yake, kamar bai taɓa fita ba. Ihun da aka yi a lokacin ya sa na manta ina riƙe da kyamara. Wannan hoton ban ɗauke shi ba.

A hanyar komawa, ina bayansa a babur, ya ce ya taɓa raka wata ƙungiya Turai. "A can waƙa uku ake ba mai hoto, ba filashi, sai a fitar da shi. Mu kuwa a waƙa ta uku ko zufa ba mu fara ba. Duk hotunanmu na can, na mutanen da ba su fara kiɗa ba ne."

Na zauna kwana biyu ina tace hotuna, ina goge ɗigon nan ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta. Na tura 40: rabi na tudu, rabi na biki, na sa na bikin a gaba da gangan. Amsa ta zo da yamma. Sun yaba ƙwarai, sun zaɓi uku, duka na tudu. Na biki, in ji su, sun yi duhu kuma ba a gane ko wace ƙasa ce. Raina ya sosu, na fara yi wa Yaya ƙorafi. Ya ɗaga kafaɗa ya ce fosta ba don 'yan Agadez ake buga ta ba, in tudun ne zai sayo tsirkiya, to a bar tudun. Ban da amsar da zan ba shi, ko da yake har yanzu ina ganin sun yi asarar hoto. Shi dai ya sa na tura masa na dattijon nan mai rawa, kafin in kai tasha ya riga ya zagaya wayoyin unguwar.

Kwana tara na yi. Na dawo ta hanyar da na bi, da cuku cike da leda da tarin da ya bi ni mako biyu. Washegarin isowata na kai kyamarar wurin mai gyara. Ya kwance ta, ya shimfiɗa farar takarda, ya karkata ta yana bugawa a hankali da yatsa. Jan yashi ya riƙa zubowa har ya yi ɗan tsibi. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Alhaji, rijiya ka faɗa da ita?" Na karɓi takardar na naɗe, na tambaye shi nawa ne kuɗin aikinsa.