Sanda, Inuwa da Wayar Salula: Yadda Ɗalibaina Suka Yi Aiki da Yaran Wata Ƙasa

Shekarun da na yi ina haɗa ɗalibaina da takwarorinsu na wata ƙasa ta intanet sun nuna mini cewa ganin juna kaɗai ba ya sa yara su so juna. Mun saba cewa gani ya kori ji, kuma da wannan tunanin yawancin malamai ke shiga harkar: a kunna kyamara, yara su ga cewa na can ma mutane ne, shi ke nan ƙyama ta mutu. Ba haka abin yake ba.

Kiranmu na farko na bidiyo ya kusa kashe mini gwiwa. Yarana, 'yan shekara 11 zuwa 13, sun cunkushe gaban kwamfuta ɗaya, waɗancan kuwa, a wata makaranta da ke arewa da mu can Turai, kowa da tasa a gabansa. Aka gaisa, aka faɗi sunaye, sai shiru. Sabis ya riƙa yankewa, hoton yarana ya daskare, muka ji dariya daga can. Ba dariyar mugunta ba ce, amma wa zai gaya wa yaro haka? Da magana ta dawo, tambayar farko da aka yi musu ita ce ko suna da wutar lantarki a gida. Wani yaro mai yawan surutu a ajina ya ja baya ya jingina da bango, bai ƙara cewa uffan ba. Da aka tashi ya same ni ya ce, "Malam, kallonmu kawai suka zo yi."

Maganar nan ta tsaya mini a rai, domin gaskiya ya faɗa. Ita ce ta kai ni ga karanta abin da masana suka gano tun kafin a san intanet. A 1954 Gordon Allport, masanin halayyar ɗan Adam a jami'ar Harvard, ya bayyana cewa cuɗanya tana rage ƙyama tsakanin ɓangarori idan an cika wasu sharuɗɗa: su haɗu a matsayi ɗaya ba wani sama da wani ba, su kasance da buri guda, su yi aikin tare ba gasa ba, kuma manyan da ke kansu su mara wa abin baya. A shekarar ce kuma wani masanin, Muzafer Sherif, ya kai yara maza 22 wani sansani a jihar Oklahoma ta Amurka, ya raba su gida biyu, ya sa su gasa har gaba ta shiga tsakaninsu. Zaunar da su wuri ɗaya su kalli fim bai gyara komai ba, sai ma sabon faɗa. Abin da ya sassauta su shi ne ranar da ruwan sansanin ya ɗauke dole suka nemi matsalar tare, da ranar da suka haɗu suka ja motar da ta ƙi tashi. Idan ka auna kiranmu na farko da waɗannan sharuɗɗa, na ƙarshen kaɗai muka cika.

Muka yi doguwar magana da malamar can, mace mai haƙuri da saurin fahimta. Na ce mata, "Malama, mu nemo aikin da yaranki ba za su iya gamawa ba sai da nawa, nawa ma ba za su iya ba sai da naki." Ita ta kawo shawarar auna kewayen duniya, kuma har yau ban ga aikin da ya kai shi dacewa ba.

Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. Eratosthenes, mai kula da babban ɗakin karatu na Iskandariyya fiye da shekara 2,200 da suka wuce, ya san cewa akwai ranar da idan rana ta take tsaka a garin Aswan na yanzu, abu a tsaye ba ya yin inuwa, alhali a Iskandariyya da ke arewa inuwa tana karkata da kusan digiri 7, wato kashi ɗaya cikin 50 na da'ira. Ya ninka nisan garuruwan biyu sau 50, ya samu girman duniya. Abin da ya sa aikin ya dace da mu shi ne, awon wuri ɗaya ba ya ba da amsa. Sai da biyu. Kuma kayan aikin sanda ce miƙaƙƙiya, da tef ɗin awo, da fili mai lebur. Kwamfuta mai tsada ba ta ƙara wa kowa komai a nan.

Muka sa rana a ƙarshen Satumba, kusa da 21 ga wata, Ranar Zaman Lafiya ta Duniya. Yarana suka kafa sandar, suka rataya dutse a zare don su tabbatar ta miƙe, suka durƙusa cikin rana suna sa alama a bakin inuwar bayan kowane minti biyar, suna jiran lokacin da za ta fi gajarta. Yaron nan da ya jingina da bango shi ya riƙe tef. A can kuwa hadari ya rufe sama, ba su ga rana ba sam. Washegari ma haka. Sai ga saƙon murya daga wata yarinyarsu, tana ba da haƙuri, tana roƙon ko za mu yarda mu sake awo ranar da rana ta fito musu, tunda dole awon ya zama na yini ɗaya. In ga fuskar yarana! Yau su ake roƙo, su ke da abin da wasu suka rasa. Suka riƙa fita kullum da tsakar rana ba tare da na ce musu ba, har ranar da aka dace. Amsar da suka samu tare ta ɗara kilomita 40,000 na gaskiya da kaɗan, sai gardama ta ɓarke kan sandar wa ce ta karkace. Gardama ce irin ta abokan aiki, kowa na kare awonsa da hujja, ana turo hotuna ana zagaye kuskure da jan layi. Daga nan ne hira ta gaske ta fara, ta ƙwallo da ta ƙanne masu ɓata wa mutum littafi.

Daga lokacin muka rage kiran bidiyo, muka koma saƙon murya da hoto da rubutu, waɗanda ake tarawa a tura idan an samu sabis. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Rahoton da UNICEF da hukumar sadarwa ta duniya, ITU, suka fitar a 2020 ya nuna cewa kashi biyu cikin uku na yaran duniya masu shekarun zuwa makaranta, kimanin biliyan 1.3, ba su da intanet a gida. Duk shirin da aka gina kan bidiyo kai tsaye ya riga ya zaɓi 'ya'yan masu hali, ya bar sauran a waje, ko da sunan zaman lafiya aka yi shi. Saƙon murya yana da wata fa'idar ma: yaro mai kunya yana iya maimaitawa har sai ya gamsu kafin ya tura.

Harshe ma wani tsani ne da ke ɗora wani sama da wani. Wanda ya fi iya Turanci shi ke kama da mai wayo, ko da ba shi ne ba. Muka sa doka cewa wasu saƙonnin kowa ya yi su da harshen gidansu, na can su nemi ma'ana da manhajar fassara, in ta ruɗa su su tambaya. Manhajar takan yi kwaɓa, ba shakka, amma kowa ya ɗanɗana yadda rashin fahimta yake, kuma wanda ya ɗanɗana ba ya saurin yi wa wani dariya.

Akwai abin da na ƙi, kuma ina nan kan bakana. Iyayen yaran can, da kyakkyawar niyya, suka so tara mana kuɗi da tsofaffin kwamfutoci. Muna da buƙata, ba na musu. Amma na roƙi malamar kada abin ya bi ta hannun yara. Ranar da yaro ya zama mai bayarwa ɗan'uwansa ya zama mai karɓa, abota ta koma tausayi, kuma wanda ake tausaya wa ba ya iya cewa "ka yi kuskure a lissafinka". Wannan 'yancin na faɗa wa juna gaskiya shi muka sha wahala kafin mu samu.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo ne lokacin da labarin wani hari ya cika kafafen yaɗa labarai, aka riƙa danganta shi da addini. Wani yaro daga can ya rubuto yana tambaya ko mutanenmu suna goyon bayan irin wannan. Wata ɗalibata ta karanta, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Malam, ka bar ni in ba shi amsa yanzu-yanzu." Na ce, "'Yata, rubuta duk abin da ke ranki, amma a takarda. Gobe mu duba." Dokarmu ce tun farko: saƙon da aka rubuta cikin fushi sai ya kwana, kuma kowa ya yi magana da bakin kansa, ya ce "ni", kada ya ɗauki nauyin al'umma guda a kansa ko ya ɗora wa wani. Washegari ta yage rabin takardar da kanta. Abin da ta tura gajere ne: ta ce tambayar ta yi mata zafi, ta ce ita ma tsoro take ji idan ta ga irin wannan labari, sannan ta tambaye shi a ina ya ji cewa suna goyon baya. Ya ce a wani bidiyo ne da ke yawo. Darasin makon ya koma kan bidiyon: wa ya yi shi, yaushe, me yake so mai kallo ya ji. Wayar da ta haɗa su ita ce dai ta kai masa gubar, kuma da ba su riga sun durƙusa kan aiki ɗaya ba, da bai tambaya ba ma, da sai ya yarda kawai ya yi shiru.

Saboda haka ba na yarda a ce a ba yara na'ura a koma gefe. Zaurenmu rufaffe ne, malamai biyu na ganin duk abin da ya shiga, babu sunan mahaifi, babu adireshi, babu lambar waya, babu hoton yaro sai da sa hannun iyayensa. Wani uba ya zo ya ce mini, "Malam, ba na so a canza wa ɗana tarbiyya." Na zaunar da shi na buɗe masa saƙonnin duka ya saurara. Damuwarsa halal ce, kuma shirin da ke ɓoye wa iyaye abin da yake yi bai cancanci a amince masa ba.

Wannan hanya tana da tarihi. A 1982 Samantha Smith, 'yar shekara 10 daga Amurka, ta rubuta wa shugaban Tarayyar Sobiyet Yuri Andropov wasiƙa tana tambayarsa ko za a yi yaƙin nukiliya, ya amsa, ta kuma ziyarci ƙasar a 1983. A 1988 aka haɗa makarantu 12 na Mosko da 12 na jihar New York ta kwamfuta, abin da ya zama iEARN, ƙungiyar da ke haɗa makarantu ta intanet, wadda yau ta kai ƙasashe sama da 100. Abin da ya canza shi ne araha da sauri: abin da a da sai an yi sa'a, yau malami ɗaya da waya ɗaya zai iya farawa.

Yanzu mun shiga abin da ya fi wuya. Na lura yaron da ke ɗokin abokinsa na Turai yana iya furta mummunar kalma kan yaran wata makaranta da ba ta da nisa da mu, waɗanda addini da harshe suka raba mu da su. Son na nesa ba ya cin komai, domin ba ku haɗa rikici ba, ba a ba ka labarin laifin kakanninsa ba. Na je na sami shugaban makarantar, mun amince yaranmu za su riƙa auna ruwan sama da ma'aunin da suka haɗa da kansu, su riƙa tura wa juna alƙaluma ta waya, su fitar da taswira ɗaya a ƙarshen zango. Wasu iyaye sun sa hannu nan take, wasu sun ce sai sun yi shawara, kuma makon gobe zan bi su gida-gida.