Kwalba talatin, jiki ɗaya: lissafin mai kantin turare a Damagaram

Kwalbar turaren feshi mai mililita 100 tana ba da feshi kusan 1,000, domin kowane danni ɗaya yana fitar da kimanin kashi ɗaya cikin goma na mililita. Wanda ke fesa biyar kullum, adadin da ya isa a ji ƙamshinsa a sahun masallaci ko a biro, zai yi kwana 200 kafin ya ga gindin kwalbar. Kwalba biyu ke nan a shekara, har da saura. Amma yanzu a Damagaram akwai samari da ma'aikata da matan aure da suka jera kwalba talatin a cikin durowar gilashi, kuma duk ƙarshen wata sai sun ƙaro. Kwalba 30 feshi 30,000 ne, watau kwana 6,000, fiye da shekara 16. Mu da ke tsaye bayan tebur muna sayar da kayan nan mun san turaren feshi ba ya kai wannan shekarun lafiya a garin nan, shi ya sa abin ke damun duk mai kantin da ke son sana'arsa ta ɗore.

Zafi da haske da iska su ke kashe turare, kuma ukun duk muna da su a wadace. A bazara zafin Damagaram yana wuce digiri 40, ɗakin kwano kuwa da azahar ya fi haka. Sashen turaren da ke fara mutuwa shi ne na sama, wanda ake ji a mintunan farko: lemun tsami, lemun zaƙi, na'ana'a da furanni masu sanyin ƙamshi. Man ɓawon lemu yana saurin haɗuwa da iska ya canza, kuma idan ya canza yakan sa wasu ƙaiƙayi da jan fata a wuya. Duk lokacin da aka fesa, iska na shiga ta cike gurbin ruwan da ya fita, saboda haka kwalbar da ta kai rabi ta fi cikakkiya saurin lalacewa. Nan ne mai tarawa ke faɗawa rami. Yana buɗe kowace kwalba ya yi mako biyu da ita, ya ajiye ya buɗe wata, sai ya wayi gari da kwalba ashirin duk a buɗe, duk suna tsufa tare.

Ba wuya a gane wadda ta tafi. Ruwan da yake fari tas ya koma kalar shayi, siririn bututun da ke ciki ya yi rawaya, bakin feshin ya yi danƙo. In aka fesa a takarda, abin da ke fara bugun hanci tsami ne kamar na ƙarfe ko tsohon mai, sai bayan wasu mintuna ainihin ƙamshin ya leƙo, a raunane. Sai dai duhun launi kaɗai ba hujja ba ne, domin turaren da ke da banila da yawa yana yin duhu ko da lafiyarsa lau. Hanci ne alƙali. Masu nauyi irin su ud da sandal da almiski da ambar sun fi jure shekaru, wasunsu ma ƙara daɗi suke yi, amma galibin abin da matasa ke tarawa ba su ba ne.

A tuna kuma kwalbar ba sabuwa take isowa hannunmu ba. Kayan Dubai, irin su Lattafa da Rasasi da Ajmal da Swiss Arabian da Al Haramain, ko dai su biyo ta Kano su shigo ta Ɗan Barto da Matameye, ko su sauka a tashar ruwa a ɗauko su a mota. Da aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya da yawa sai da suka riƙa zagayowa ta Lome da Burkina Faso kafin su zo Yamai, daga nan kuma kusan kilomita 900 zuwa nan. Makonni ne a cikin kwantena mai zafi, sannan watanni a sito. Wani kaso na rayuwar turaren ya riga ya tafi kafin mai saye ya ɓare ledarsa.

Abin da ya fi tura mutane sayen sabo shi ne hancinsu. Hanci yana sabawa da ƙamshin da ya daɗe yana shaƙa har ya daina jinsa. Mutum ya fesa da safe, kafin hantsi ya daina ji, sai ya ɗauka turaren ya gudu, alhali na kusa da shi suna ji har la'asar. Sai ya dawo kanti yana cewa, "Malam, wancan ba ya kama jiki, ba ni wanda ya fi shi ƙarfi." In mai kanti ya miƙa masa sabo, ranar farko zai ji shi sosai don baƙo ne ga hancinsa, bayan mako uku labarin ya maimaitu. Maganin wannan ba ya buƙatar ko dala: a ajiye turaren kwana goma ba a taɓa shi ba, ko a tambayi mutumin gida ko yana ji. Da hunturu kuma akwai wani dalili na daban. Busasshiyar fata ba ta riƙe turare, sai a fara shafa mai marar ƙamshi a wurin, ko a fesa a cikin riga ta wajen da ba zai yi tabo a farar shadda ba.

Gwaji a kanti ma yana yaudara. Ƙamshin sama yana tafiya cikin kwata ɗaya na awa, na tsakiya ya zauna ƴan awoyi, na ƙasa shi ne wanda mutum zai yini da shi. Wanda ya fesa a bayan hannu ya biya nan take, mintunan farko kawai ya saya. Bayan turare uku kuwa hanci ya gaji, na huɗu da na biyar duk cakuɗe suke. Ka'idar da ta dace ita ce a fesa ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu, a fita a yi harkoki a kasuwar Dole, a dawo bayan awa uku in har yanzu ana so. Da yawa ba sa dawowa don wannan kwalbar, kuma hakan ya fi mana alheri da a dawo mana da ita a buɗe ana neman canji.

Sai waya. Bidiyon TikTok da hotunan da ƴan kasuwa ke sawa a WhatsApp sun sauya yadda ake saye. A da mutum yakan zo ya ce yana son ƙamshi kaza, yanzu da hoto yake zuwa, yana neman kwalbar da bai taɓa shaƙa ba don ya ga ana yabonta. Kalmomin da ke fitar da kuɗi daga aljihu sanannu ne a cikin sana'ar: saura uku, kamfani zai daina yi, farashi zai tashi bayan sallah. Daga nan ake samun mai sayen kwalba biyu iri ɗaya, ta biyun wai ajiya. Gaskiyar ita ce kamfanonin Dubai suna fitar da sababbi babu ƙaƙƙautawa, kuma da yawansu kwaikwayon turarukan Faransa ne, ko kwaikwayon juna. Idan aka jera kwalaben mai tarawa aka fesa kowace a takarda, sau da yawa za a tarar biyar ko shida ƙamshi ɗaya ne, zaƙin banila da kirfa da itace, kwalin ne kawai ya bambanta. Shi kuma mai gaggawar sayen abin da ake yayi shi ne abincin masu jabu. Lambar da ke ƙasan kwali ya kamata ta yi daidai da wadda ke gindin kwalba, bututun ya zama siriri marar lanƙwasa da yawa, murfin ya zauna daram. Wanda zuciyarsa ke gaba ba ya tsayawa duba waɗannan.

Hujjar da aka fi kawo mana ita ce turare sunna ne. Haka ne, babu mai musu, shafa turare ranar Juma'a abin so ne, kuma Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana son ƙamshi. Amma sunnar a shafawa take. Kwalbar da ke cikin leda shekara biyu har ta yi tsami ba ta ƙamsasa kowa ba, kuma Alƙur'ani a Suratul Isra'i ya yi hani mai tsanani ga almubazzaranci. Ƴar kwalbar Bint El Sudan, wadda ake yi a Kano kuma iyayenmu suka daɗe da saninta, ko ƙaramin mirgine na Al-Rehab mai mililita 6, ya wadatar da mutum Juma'o'i masu yawa.

Akwai bambanci tsakanin mai sha'awar turare da wanda sayen ya fi ƙarfinsa, kuma daga bayan tebur ana ganinsa sarai. Mai sha'awa yana tambayar abin da ke cikin turaren, yana gwadawa, yana iya fita hannu rabbana bai damu ba. Ɗayan kuwa yana shigowa da tambaya ɗaya, "Me ya shigo sabo?" Yana zuwa ne ranar da ransa ya ɓaci. Yakan ce a cire kwalin a jefar don kada a gane a gida, ko ya ce, "Alhaji, ajiye mini a nan, zan aiko yaro gobe." Yana sayen abin da yake da shi bai sani ba. Hajiya ta kwashi adashe ta kawo rabi, ma'aikaci ya ci bashin kwalba tun ranar goma ga wata a kan albashin da bai shigo ba. Daɗin yana ga lokacin biya da ɓare leda, kafin a isa gida ya huce. Idan abin ya kai ga taɓa kuɗin cefane ko na makaranta ko na magani, ya wuce sha'awa, kuma yana buƙatar mutum ya buɗe wa wani amintacce cikinsa, ɗan'uwa ko malami ko likita, domin sau da yawa damuwa ce ke ƙarƙashi.

Wani zai ce ai mai kanti riba yake ci. Riba ce ta ɗan lokaci. Irin wannan mai saye yana cika littafin bashi, bashin turare kuwa yana da wuyar karɓa, tun da ba za ka karɓi kwalbar da aka fesa ka mayar kan kanta ba. Jarinmu yana juyawa ne tsakanin sefa da naira, kuɗin da ya kwana wata uku a hannun wani ya hana mu sari biyu a Kano. Ranar da mai sayen ya shiga matsi kuma zai fitar da kwalabensa ya karyar, kuma da wuya buɗaɗɗiyar kwalba ta dawo da rabin kuɗinta, sai ya lalata farashin unguwar gaba ɗaya. Shi ya sa kantin da ya san kansa ba ya ba da kwalba ta biyu bashi sai an biya ta farko, ko wane ne.

Abin da ya fi amfani ga ɓangarorin biyu shi ne sayar da ɗiba. Ana samun ƙananan kwalaben gilashi masu feshi na mililita 5 da 10. A cire kan feshin babbar kwalba, a ɗora bakin sirinji marar allura a kan ɗan bututun, a danna a hankali ruwan ya hau, sannan a juye a ƙaramar. Kowane turare da sirinjinsa, in aka haɗa ƙamshi ya gauraye. Gilashi ya fi roba, domin roba tana shan ƙamshi kuma alkol yana tsere ta cikinta. A naɗa farin tef ɗin masu gyaran famfo a zaren wuyan kafin a ɗaura murfi, a rubuta suna da ranar ɗiba. Kwalba mai mililita 100 tana ba da ƙanana 19 na mililita 5, ɗaya yana tafiya a zuba da abin da ya maƙale. Mililita 5 feshi 50 ne, kwana goma. A cikin kwana goman nan mutum zai sa shi da rana da dare, a kan babur da cikin ɗaki, ya ji abin da iyalinsa suka ce. In ya ƙare yana marmarinsa, to ya sayi babba da hujja. Turaren mai kuwa dama da tola ake auna shi, kusan mililita 12, kuma kwata tola mai mililita 3 ya isa gwaji, tun da ɗigo biyu ake shafawa. A lura da mai araha ƙwarai, yawanci an tsinka shi da wani mai marar ƙamshi.

Turaren wuta da humra ma ana wuce gona da iri a kansu, musamman lokacin haɗa lefe da kayan ɗaki. Turaren wuta itace ne da aka jiƙa da mayuka aka haɗa da narkakken sukari. In aka yawaita buɗe kwalbarsa man ya tashi ya bar busasshen itace mai ƙauri a kasko, da damina kuma danshi ya sa shi fumfuna, ga tururuwa. A ɗebi na mako a ƙaramin mazubi, babbar kwalbar a rufe ta gam.

Wanda ya riga ya tara, ya fara da lissafi. Ya fito da kwalaben duka, ya kimanta mililitar da ta rage a kowace, ya haɗa, ya raba da 180, domin kusan abin da mai feshi biyar ke ƙararwa ke nan a shekara. Abin da ya haura shekara uku ya fitar da shi tun yana da rai: kyauta ga ƴan'uwa, musaya da abokai, ko a kawo kanti a ɗiba a sayar masa. Ya fara ƙarar da masu lemu da furanni da waɗanda suka kai rabi, masu ud da sandal su jira. Uku kawai za su zauna a waje, na yau da kullum da na Juma'a da na biki. Sauran su koma cikin kwalayensu, a tsaye, a ƙasan durowar kaya ta ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga da banɗaki, kuma kada a bar ko ɗaya a cikin mota. Firigo ba shi da amfani a nan, domin ɗauke kuran, watau wutar lantarki, yana sa kwalba ta yi ta hawa da sauka tsakanin sanyi da zafi. Sabuwa ba za ta shigo ba sai wata ta ƙare, kuma ko a lokacin a bar mako guda tsakanin gani da biya.