Teloli a zauren majalisa

Ɗinki nake yi a Zangon Kumasi: kaftani, babbar riga da surfani, ga ɓangaren mata na atamfa da leshi da ƙanwata ke riƙewa. Shekarar tela ba daidai take tafiya ba. Daga tsakiyar azumi zuwa jajibirin sallah keke ba ya hutawa, yara a shago suke sahur, shadda jibge har bakin ƙofa, kowa na cewa nasa za a fara yankawa. Bayan Babbar Sallah kuwa sai a yi makonni ana canjin zif da rage ƙugun wandon gwanjo.

Takardar kuɗin izinin sana'a ba ruwanta da wannan. Mai keke ɗaya a cikin kiyos da mai kekuna goma da injin surfani, kuɗinsu bai yi nisa da juna ba, kuma sau da yawa lokacin da kasuwa ta mutu ake zuwa karɓa. Mun daɗe muna gunaguni a bakin shago, alhali dokar ƙananan hukumomin Ghana ta 2016 ta bar wa kowace majalisa ikon yanke waɗannan kuɗaɗe duk shekara, kuma akan kira masu sana'a zaman shawara kafin a yanke. Matan kasuwa da direbobi na zuwa da shugabanninsu. Kujerar telolin Zango ce ke zama babu kowa.

Bara muka haɗa kai, mu da masu saƙar hula da masu ɗinkin jaka da takalmi, muka fara da wakilin unguwarmu a majalisa. Dattijonmu, wanda rabin telolin layin nan a hannunsa suka koya, ya ce masa: "Ɗana, ba mu ƙi biya ba, amma a ƙirga kekuna tukuna." Buƙatarmu ke nan ta farko. Ta biyu, a bari mu biya kashi-kashi, babban kason bayan sallah.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wuta. Kowa ya ga gobarar kasuwar Kejetia a nan Kumasi a Maris 2023, da ta kasuwar Kantamanto a Accra a Janairu 2025. Shagon tela kuwa yadi ne da soso da dutsen guga, kuma yawancin yadin amanar mutane ne. Mun nemi a riƙa duba wayoyin lantarki, a buɗe lungunan da motar kashe gobara ba ta iya shiga.

Maganar yunifom ma mun kai. Tun 2004 gwamnati ke kiran jama'a su sa ɗinkin gida ran Juma'a, to in majalisa za ta raba wa 'yan makaranta kaya, telolin unguwa ne ya kamata su ɗinka.

An karɓi takardarmu, an yi alkawarin dubawa. Yanzu muna bin shago-shago muna rubuta yawan kekuna da yaran da ke koyo, don mu shiga zama na gaba da lissafinmu a hannu.