Kafin in sayar maka da waya, nuna min bayan talabijin ɗinka

Shagona ƙarami ne, yana kusa da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi a nan Kaduna, ni da yara biyu muke ciki. Muna gyara tsofaffin na'urorin gem, muna sayar da na gwanjo, da fad ɗin da ake riƙewa a buga wasa, da memori. Amma abin da ya fi fita kullum, wanda kuma mutane suka fi rainawa, shi ne wayar da ke ɗaukar hoto daga na'ura zuwa talabijin. Yawancin masu zuwa wurina masu gidajen gem ne daga Rigasa da Tudun Wada da Kawo, sai kuma magidantan da suka buga ƙwallo a PlayStation tun suna samari, yanzu suna so 'ya'yansu su ɗanɗana.

Kwanakin baya wani mai gidan gem ya zo daga Rigasa da PS2 a cikin leda. Ko zama bai yi ba ya ce, "Malam, na'urar nan ta gaji. Tunda na sayi filasma hoton ya dagule, ko lambar rigar ɗan wasa ba a gani. Yara sun fara komawa gidan maƙwabcina."

Na ce ya ba ni wayar da yake amfani da ita. Mai kai uku ce, ruwan ɗorawa da fari da ja, wadda kowa ke kira AV. Na jona ta a filasmar da muke gwaji, hoto ya fito dishi-dishi, gefen rubutu yana rawa kamar tururuwa na bin sa. Sai na cire, na sa mai kai biyar, na canza saiti ɗaya. Ya matso kusa da allo ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan tawa ce kuwa?" Tasa ce, ko murfinta ban buɗe ba.

A waya mai kai uku, fari da ja na sauti ne, hoto gaba ɗayansa kan ruwan ɗorawa yake bi. Haske da launi da siginar da ke daidaita layuka duk an cusa su a zare ɗaya, sai talabijin ta sake raba su. Kamar ka zuba gero da dawa a buhu ɗaya ne ka ce a tsince maka, ba za su taɓa rabuwa tas ba. Tsohuwar talabijin mai ƙusumbi tana ɓoye wannan aibin, domin allonta ƙarami ne kuma dama don irin siginar aka ƙera ta. Filasma mai inci 43 kuwa buɗa hoton take yi, duk dattin da ke ciki ya girma tare da shi. Mai kai biyar, wadda ake kira kamfonen, ta raba aikin: kore yana ɗaukar haske, shuɗi da ja suna ɗaukar launi, sauran biyun na sauti. Tunda ba a cakuɗa ba, babu abin tsincewa.

Kai ja biyu ne a jikinta, kuma nan mutane ke kuskure. Idan aka musanya su, hoto ya koma shuɗi-shuɗi da kore, lasifika ta riƙa gurnani. Shi ya sa duk wadda zan sayar sai yarona ya naɗa salatif ya haɗe na sauti biyun wuri ɗaya.

Na fi daɗewa a kan PS2 domin ita ce abincinmu. Ta fito a 2000, siririyar ta biyo baya a 2004, Sony ta sayar da fiye da miliyan 150 kafin ta daina ƙera ta, kuma har yau gidajen gem da yawa da ita suke ci. A cikin saitinta akwai wurin zaɓi tsakanin RGB, wato hoton da aka raba ja da kore da shuɗi, da Y Cb/Pb Cr/Pr. Mai kai biyar na biyun take so. Idan yana kan RGB, ko dai allo ya yi baƙi ko launi ya rikice, mutum ya dawo min a fusace cewa na sayar masa da matacciyar waya. Magani shi ne a mayar da tsohuwar mai kai uku, ita ba ruwanta da wannan saitin, a shiga a gyara, sannan a sake jonawa. Don haka nake hana kowa yar da tsohuwar wayarsa. Wasu wasannin ƙalilan ma suna ba da hoton da ya fi tsayawa cak, wanda ake kira 480p, a cikin saitin wasan ko kuma idan ka danne maɓallin X da na alwatika a jikin fad lokacin da yake tashi, kuma mai kai uku ba ta iya ɗaukar wannan. Sai dai ina gaya wa mutum gaskiya tun kafin ya biya: faifan PS1 idan aka sa a PS2 hoto mai layi 240 yake fitarwa, filasma da yawa ba sa karɓar sa ta kamfonen.

Akwai wasu wayoyin a tsakani. Ta eriya, wadda ake kamo gem kamar tasha, ita ce ta ƙarshe a kyau, domin har sauti an haɗa a ciki. S-Video mai zagayayyen kai da ƙusoshi huɗu ta raba haske da launi, ta fi AV nesa ba kusa ba, kuma a Nintendo 64 ita ce iyaka in ba a buɗe na'urar an yi mata aiki ba, amma talabijin masu raminta sun yi ƙaranci a garin nan. SCART mai ƙusoshi 21 a talabijin 'yan Beljiyam da suka fito daga Turai ake samun ta, kuma ga Sega Mega Drive da PS1 babu kamarta, tunda dukkansu suna fitar da RGB. Nan ma akwai tarko. Ɗan dunƙulen SCART ɗin nan mai rami uku a baya hoton ruwan ɗorawa kawai yake wucewa da shi, bai ƙara komai ba. Kuma talabijin mai ramin SCART biyu, sau da yawa na farkon ne kaɗai ke karɓar RGB.

Wata matsalar da ake ɗora wa waya alhali ba laifinta ba ne ita ce hoto ya fito baƙi da fari. Wajen tsarin launin talabijin, Najeriya PAL take bi kamar Ingila, Amurka da Japan kuma NTSC. Na'urar da aka kawo daga Amurka, in ta haɗu da tsohuwar talabijin da PAL kaɗai ta sani, launi ba zai fito ta mai kai uku ba ko sau goma ka canza ta. Kamfonen da RGB ba su da wannan damuwar launin. Wani lokacin kuma abin bai kai nan ba: filasma da yawa rami ɗaya suka ba kore da ruwan ɗorawa, mutum ya jona AV amma ya zaɓi kamfonen a rimot. Tunda na ambaci na Amurka, a duba rubutun wutar da ke bayanta kafin a jona. Babbar PS2 mai cin 110 in ta sha wutarmu ta 230 ba tare da taransifoma ba, ƙauri kawai za ka ji.

Yanzu kowa HDMI yake tambaya, a ganinsa da ya sa ta hoto ya zama na zamani. Ga PS3 haka ne, da raminta ta zo tun 2006, kuma in allo ya ƙi kawowa bayan canjin waya sai a danne maɓallin kunnawa har ta yi ƙara ta biyu, ta sake neman talabijin da kanta. Xbox 360 na farko na 2005 ba su da HDMI sai daga 2007, Wii kuwa ba ta da shi sam, su mai kai biyar ce tasu. Amma ƙaramin akwatin nan da ke mayar da AV zuwa HDMI, cakuɗaɗɗen hoton nan dai yake karɓa ya buɗa, wani ma ya ƙara jinkiri. Ka danna fasin, ɗan wasa ya ɗan dakata kafin ya buga. Mai kallo ba zai lura ba, yaron da ya biya kuɗin wasa zai lura tun a minti na farko. Ɗan ƙaramin da ake maƙalawa a bayan PS2 ya fi shi, domin kamfonen yake ɗauka, sai dai yana son wuta daga USB da wancan saitin da na faɗa. Akwai na'urori masu kyau irin su OSSC da RetroTINK, amma kuɗinsu ya ninka na PS2 ɗin kanta, mai gidan gem ba zai saya ba, ni ma ba na matsa masa.

Akwai abin da ya same ni da ya canza yadda nake sarin kaya. Na taɓa ɗaukar katan guda na masu kai biyar saboda araha, kwalinsu mai kyau, kawunansu na ƙyalli. Cikin sati biyu suka fara dawowa. Hoto yana da inuwa a gefe, kuma duk lokacin da allo ya yi fari sai lasifika ta yi zuuu. Na yanka guda da reza. Zaren jan ƙarfen da ke ciki bai kai gashi biyar ba, babu ragar da ke naɗe kowane zare ta kare shi daga na kusa, roba ce kawai aka yi mai kauri don a ruɗi hannu. Na mayar wa kowa kuɗinsa, asarar ta zauna a kaina, dilan ya ce kaya sun riga sun fita. Tun daga nan, kowane katan sai na sadaukar da waya ɗaya na yanka kafin in biya, sauran kuma a gwada su a gaban mai saye, a kan farin allo, da sauti a buɗe.

Talabijin biyu nake ajiyewa don gwaji, filasma da mai ƙusumbi inci 21. Duk wanda ya kira ni yana neman waya, ina cewa ya ɗauki hoton bayan talabijin ɗinsa da bayan na'urar ya turo ta WhatsApp, don kada ya ɓata kuɗin mota. Abin da ke damuna a 'yan shekarun nan shi ne sababbin filasma suna zuwa babu ramukan kore da shuɗi, wasu ma ko ruwan ɗorawa babu. Shi ya sa na fara sayen masu ƙusumbi daga hannun masu neman rabuwa da su, in share ƙurar hunturu, in goge ramukan da sifirit, in sake dalma inda ta saki. Mai Sega ko PS1, da mai son wasan harbin agwagi wanda bindigarsa ba ta aiki a filasma, su nake ajiye wa. Guda uku ne a ƙarƙashin teburina yanzu, biyu an riga an ba da kafin alƙalami.