Yadda muka karɓi riƙon bakin teku daga hannun jiha

Na yi aiki a sashen filaye na wani ƙaramin birni a gaɓar Kalifoniya lokacin da muke neman jiha ta miƙa mana ƙasar bakin teku, wato wadda ruwa ke rufewa idan teku ya cika, ya bar ta a fili idan ya janye. Tun 1850 da Kalifoniya ta zama jiha, wannan ƙasa amanar jama'a ce a hannunta, don zirga-zirgar jiragen ruwa da kasuwanci da kamun kifi. Majalisar dokokin jiha ce ke ba birni riƙonta. Haka aka yi wa birnin Long Beach a 1911, San Francisco kuwa ta karɓi tashar jiragen ruwanta a 1969 bisa dokar Burton ta 1968.

Iyaka ce ta fi cin ƙarfinmu. A doka, iyakar ita ce inda ruwa ya saba kaiwa idan ya cika, amma an daɗe ana cike gaɓar da ƙasa ana gini a kai, kuma cikon ba ya ɗauke amanar. Dole muka tono tsoffin taswirori, muka zauna da masu awon ƙasa da lauyoyin Hukumar Filayen Jiha, wadda aka kafa a 1938. Wani filin ajiye motoci da kowa ke ɗauka mallakar birni ne, ashe da can ruwa ne ke kwance a wurin.

Sai maganar kuɗi. Wasu kansiloli sun fara lissafin gina gidajen haya da biyan albashi da kuɗin hayar wurin. Na sha gaya musu cewa abin kamar waƙafi yake: kana riƙe da shi, amma ba ka juya shi yadda ka so. Gidajen zama ba sa cikin abin da amanar ta yarda da shi. Kuɗin da wurin ya kawo asusunsa daban, a bakin ruwan ake kashe shi, kuma duk shekara ana kai wa hukumar rahoto. A 1955 kotun ƙolin jihar ta hana Long Beach kashe kuɗin man da aka haƙo a ƙasar amana kan ayyukan gari na yau da kullum.

Har gobe ina goyon bayan miƙawar, domin masunci ya fi samun mai sauraronsa a zauren birni fiye da a Sacramento, babban birnin jihar. Amma duk birnin da zai karɓa ya fara tura masu ninƙaya su duba ginshiƙan da ke ƙarƙashin tashar jiragen ruwa kafin a sa hannu, don gyaransu zai dawo wuyansa. A 2018 sai da masu zaɓe a San Francisco suka amince da cin bashin dala miliyan 425 don fara gyaran tsohuwar katangar teku ta Embarcadero, wato gaɓar birnin, kawai.